Tagogin da Babayo Ya Sa Aka Toshe

Babayo mutumin Gombe ne. Ya zo Guangzhou ta ƙasar Sin karatun zanen gini, tallafin karatun ya tsaya a shekara ta biyu, sai ya koma tafinta a wata masana'antar jakunkunan mata a Shiling. Mai masana'antar, Lawban Liang, shi ke tsaya masa a kan takardar zama. A shekarar Olamfik an matsa wa baƙi, kuma takardar Babayo ta kusa ƙarewa.

Lawban ya taɓa zuwa Ingila, aka kai shi wani tsohon gidan masu sarauta a karkara. Ya dawo da hotuna da ɗan littafin tarihin gidan, ya ce a gina masa irinsa a bayan garin Huadu kafin bikin 'yarsa, ranar takwas ga watan takwas. A Shiling ba a gardama da samfur. In ka kawo jaka mai karce, har karcen za a yi maka. Aka haɗa Babayo da shugaban magina, wani dattijo Shifu Deng, don ya riƙa karanta masa littafin.

Shifu ya ture hotunan gefe. Ya ce hoto fuska kawai yake nunawa, a bi gidan yadda ya taso.

Haka aka yi. Aka fara da zauren farko, na baƙin katako da farar ƙasa, mai ƙofar da sai ka sunkuya. Babayo ya karanta cewa jikan mai gidan ya auri mai dukiya, ya rushe bangon gabas ya ɗora benen jan bulo. Shifu ya rushe bangon da ya gina satin da ya wuce. A littafin wata magajiyar gidan ta raina matakalar katako, aka cire aka sa ta dutse, leburori suka goge tsakiyarta har ta lotsa kamar an yi zuriya goma ana takawa. Babayo ya ga gini a aji, amma bai taɓa ganin shekaru suna hawa kan juna da rana tsaka ba. Wani lokaci yakan tsaya da littafin a hannu, ya manta da karatun.

Sai suka iso zamanin da sarkin Ingila ya ɗora haraji a kan tagogi, mai gidan ya toshe uku da bulo. Babayo ya karanta, Shifu ya toshe. Ɗakin kuwa shi aka ware wa amarya.

Tankari, wani ɗan Maraɗi mai sarin jaka, ya zo kallo. Ya ce, "Malam ɗan boko, mutum ya sa a yi wa 'yarsa taga ka sa an liƙe? Akwai wuri a kwantenata, in kana son komawa gida da arha."

Lawban ya zo ana saura mako guda biki. Ya shafa katako, ya yaba matakala, ya shiga ɗakin amarya ya tsaya cikin duhu.

"Ina haske?"

Shifu ya ce, "Meyo, Lawban. Babu."

"Wa ya ce a toshe?"

Shifu ya nuna Babayo da haɓa. Babayo ya yi bayani: sarki yana ƙirga tagogi, kowace taga da kuɗinta, mai gida ya kira magini.

Lawban ya ɗora tafinsa a kan bulon.

"Sarkin ya ɗaure shi?"

"A'a. Doka ta ce taga, shi kuma ba shi da taga."

"Ya zauna cikin duhu?"

"Shi da 'ya'yansa da jikokinsa."

Lawban ya ja da baya, ya ɗan rusuna wa bangon, irin rusunawar da yake yi a kabarin kakansa. Ya ce a kai amarya ɗakin kudu, wannan mai duhun ofishinsa ne. Sannan ya tambayi ko littafin ya ƙare. Babayo ya ce an zo rabi.

Lawban ya ce, "Gobe ka kawo fasfonka a sabunta takardar."

An yi biki a gidan, an kuma ci gaba da tarihi bayan Olamfik. Babayo yana nan, yana karatu a hankali ƙwarai. Babi na gaba shi ne na shekarar da gobara ta cinye ɓangaren yamma, kuma Shifu Deng ya fara tambayar daga wane ɗaki ta tashi.