Ranar Da Na Ɗaura Zanen Kaka

Kakata ta wajen uba ta yi shekarunta na ƙarshe a gidan babana a unguwar Kakuri, bayan tsohuwar masaƙar da ya yi wa aiki har aka rufe ta. Ba da son ranta ta zo birni ba. Hare-hare ne suka watsa ƙauyenmu da ke kudancin jihar, aka ɗauko ta da ƙunshin kayanta da sandarta, tana yi wa direba faɗa tun daga can har Sabon Tasha da ke bakin gari.

Mutuwa ba ta ba ta tsoro ko kaɗan. Abin da ya hana ta sukuni shi ne kada a binne ta shiru. A wajenmu, idan tsoho ya rasu ya bar jikoki, ba kuka kaɗai ake yi ba. Ɗaya daga cikin jikokin yakan sa kayan mamacin, ya ɗauki sandarsa, ya fito tsakiyar taro yana kwaikwayon tafiyarsa da faɗansa, har masu kuka su fashe da dariya. Wanda ba a yi wa haka ba, sai a ce ya tafi kamar bai bar kowa a duniya ba.

Ni ta zaɓa, wai don duk cikin jikokinta babu marar kunya kamata. Lokacin ina aure a Makera, ina da 'ya mace ƙarama. Duk ranar da na leƙo gida, sai ta miƙo mini sandar.

"Tashi ki yi ni, ƙawata, in gani."

In na yi, ta ce ƙarya nake, ita ba haka take jan ƙafar hagu ba, na mai da ita agwagwa. Ta koya mini yadda take buɗe tukunya ta shinshina, ta taɓe baki ta ce, "Wannan ai ruwa aka yi wa kwalliya." Mukan yi dariya har hawaye, amma ita da gaske take. Wata rana ta riƙe hannuna ta ce, "An raba ni da ƙasata. Kada ki bari a raba ni da wannan ma."

Babana kuwa dattijo ne a cocinmu, mutum mai gudun abin da za a ce. Da ta rasu cikin damina, hanyar ƙauye ba ta biyuwa, dole aka binne ta a maƙabartar gari. Kafin a fita da gawa na tuna masa alkawarin da na ɗauka. Bai ko dube ni ba.

"Nan ba ƙauye ba ne. Fasto zai zo, baƙi za su zo. Kada ki ba ni kunya."

"Baba, ai kai ma ka yi wa kakanka. Ita ta gaya mini."

"Wancan lokacin daban," ya ce, ya wuce.

Bayan an dawo daga maƙabarta, mutane suka cika rumfunan da aka kafa a ƙofar gida. Matan zumunta na coci suna waƙa a hankali, kowa ya sunkuyar da kai. Na dubi taron nan, na ga shirun da ta yi ta tsoro ne ya zo ya zauna a kan kujeru. Sai na shiga ɗakinta, na ɗaura tsohon zanenta mai ruwan ƙasa, na yi ɗaurin kallabinta, na ɗauki sandar.

Na fito ina jan ƙafar hagu, na nufi tukunyar shinkafar baƙi, na buɗe, na shinshina, na taɓe baki na faɗi maganarta da muryarta. Wasu tsofaffi mata 'yan ƙauyenmu suka tuntsire da dariya, ɗaya ta rangaɗa guɗa. A raina na ce, Kaka, kin ji ko?

Amma yawancin mutanen wurin haihuwar birni ne, ba su taɓa ganin wannan ba. Matar maƙwabcinmu Ibo bakanike ta zabura ta yi ihu, "Jizos! Mama don enta am!" Wato wai ruhun Kaka ya shige ni. Kafin in ankara matan zumunta sun kewaye ni, hannaye a kaina, ana tsawata wa ruhun mamaciya ya fita daga jikina. Na koma muryata na ce, "Ni ce fa, wasan jika ne!" Wata ta ce kada a saurara, haka aljanu suke yaudara. Tsofaffin nan suna ta bayani, ƙarar addu'a ta danne su.

Ta tsakanin kafaɗunsu na hango babana a tsaye kusa da Fasto. Ya san abin da nake yi sarai. Da ya buɗe baki sau ɗaya, da an sake ni. Ya sunkuyar da kai yana gyaran hularsa.

Aka kwance mini zanen, aka karɓe sandar, aka kai su bayan gida aka zuba kananzir aka cinna wuta. Na tsaya ina kallon hayaƙin, raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Ba matan nake jin haushi ba, su abin da suka sani suka yi. Na daɗe ina gaida babana da baki kawai.

Yanzu shi ma ya tsufa, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya bar shi da sanda. Kwanan baya na kai masa abinci, na tarar yana zagaya tsakar gida a hankali. Ya zauna yana haki, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada a ji.

"Ki ce wa yarinyar nan taki ta riƙa zuwa tana ganin yadda nake tafiya."

Na ce masa to. Ban gaya masa cewa tana wurin ranar da aka ƙone zanen ba, tana maƙale a bayan ƙofa tana kuka. Yanzu ta zama budurwa, kuma har yau ko ɗankwalin mamaci ba ta yarda ta taɓa.