Ranar da Ja da Shuɗi Suka Zama Baƙi

Hamdiyya 'yar Karofi ce, amma a Birchi ta yi wayo, a hannun gwaggonta Yahanasu wadda ta ɗauke ta bayan rasuwar mahaifiyarta. Ni a ɗakin gwaje-gwaje na sashen aikin gona na jami'a na san ta, nan Dutsin-Ma, tana karatun digiri na biyu ni kuma ina kula da kayan aiki. Da farko ba ta kwanta mini a rai ba. Mutum ya wanke kwalba tas, ta ɗaga ta a haske ta ce a sake. Na sha ce mata, "Ke dai mijinki ya shiga uku." Sai ta yi dariya ta miƙo mini kwalbar.

A kan wake da fari, wato ƙarancin ruwan sama, take bincikenta. Kowace shuka tana da ƙwayoyin gado a jikinta, kuma idan ƙishi ya kama ta, wasu ƙwayoyin su tashi su kama aiki gadan-gadan, wasu su kwanta. Ana tsinkar ganye a aika wani babban ɗakin gwaji, su dawo da lissafin yawan aikin da kowace ƙwaya ta yi. Hamdiyya ta tattaro irin wake kala-kala daga ƙauyuka, cikinsu har da wani ɗan ƙaramin jan wake da Gwaggo Yahanasu ke ajiyewa cikin toka, tana kiransa Ɗan Jimiri. Tun da aka daina zuwa gonar nesa tsohuwar ba ta sake shuka shi ba. Ta damƙa wa Hamdiyya cikin tafi biyu, ragowar kuma ƙwari suka cinye a tukunya kafin shekara ta zagayo. Abin da ke cikin kwalbarmu shi kaɗai ya rage, ga shi iri ba ya jiran kowa, yana tsufa yana mutuwa. Idan bai samu shiga gonar gwaji a wannan daminar an ninka shi ba, shi ke nan.

Da sakamako ya dawo, sai ga abin mamaki. Wata ƙwaya da aka sani da taimaka wa shuka riƙe ruwa ta tashi a jikin Ɗan Jimiri fiye da na kowane wake, nesa ba kusa ba. Hamdiyya ta zauna gaban kwamfuta ta yi zanen da masu wannan aiki suka saba yi: gida-gida kamar saƙar tabarma, kowane layi irin wake ɗaya, kowane gida ƙwaya ɗaya. Wadda ta tashi a shafa mata ja, wadda ta kwanta a shafa mata shuɗi. To amma tsananin tashin Ɗan Jimiri ya sa duk sauran gidajen suka koɗe, shi kaɗai ke ci kamar garwashi. Malaminta, Dakta Abdullatif, ya ce ta yanke iyaka, duk abin da ya wuce ta a ba shi ja mafi duhu, don a ga bambancin sauran. Shawara ce mai kyau, kowa ma haka yake yi. Zanen ya fito tsaf, har ni da ba na yabon abu sai da na yaba.

Kwamitin da ke zaɓen irin da za a shuka ya zauna, sakamako ya fito, babu Ɗan Jimiri. A gefen sunansa an rubuta wai ba ya nuna alamar jure fari.

Na ga Hamdiyya ta karanta, ta sake karantawa, ta zauna a kan kujera. Wallahi ta ba ni tausayi. Na ce ta yi haƙuri, kwamiti ai sai Allah, yau su ce fari gobe su ce baƙi. Ta ɗago ta dube ni.

"Ruwa ba ya tsami banza, Malam. Mutanen nan ba mahaukata ba ne. Wani abu suka gani."

Ta nufi ofishin sakataren kwamiti ta roƙi a nuna mata takardar da aka raba wa membobi. Da ta dawo ta shimfiɗa mini ita a kan tebur, sai na kama baki. Kwafi ne na baƙi da fari, wanda aka buga a shagon Malam Naziru da ke bakin ƙofa, inda duk takardun sashenmu ke bi. Injin nan bai san ja ba, bai san shuɗi ba, duhu kawai ya sani. Ja mai duhu ya fito baƙi ƙirin, shuɗi mai duhu ma ya fito baƙi ƙirin. Gidan Ɗan Jimiri, wanda ya fi kowa tashi, ya zama daidai da gidan wani farin wake da ke fara yaushi tun rana ba ta yi tsaka ba. Farfesoshi sun ga baƙi kusa da baƙi, suka haɗa su suka zubar.

Ni nan take na fara zagin injin da mai injin. Ita ko a jikinta. Ta ce injin ya yi aikinsa, ita ce ta zana wa allon kwamfuta alhali takarda za a karanta. Na ce to ta buga mai launi ta kai musu. Ta ce wanda ta kai yau, gobe wani zai sake kwafe shi a wani shagon, a koma gidan jiya.

Ta zubar da ja da shuɗi gaba ɗaya. Ta sake zanen daga fari zuwa baƙi: fari ƙwaya ta kwanta, baƙi ta tashi, babu ta inda ƙarshen biyu za su haɗu. Iyakar da malaminta ya ce a yanke ta bar ta, amma ta rubuta a ƙasa ɓaro-ɓaro inda aka yanke, kuma duk gidan da ya zarce iyakar ta ɗora masa farar kibiya mai kallon sama, da ainihin adadinsa a gefe. Sannan ta ɗauki mayafinta ta nufi shagon Malam Naziru, ni ina biye don kada a yi rigima babu shaida.

"Malam Naziru, wanne ne ya fi lalacewa cikin injinanka?"

Ya dube ta sheƙeƙe. "Hajiya, mi ya yi zafi? Kowa mai kyau shika nema."

"Ni maras kyan nike so."

Ya nuna mata wani tsoho a lungu mai fitar da zane-zane a jikin takarda. Ta kwafi zanen, ta kwafi kwafin, ta sake kwafar wannan. Kibiyar ta narke cikin baƙi. Ta koma ta ƙara mata girma, ta dawo. Adadin ya dushe. Ta koma ta kaurara rubutun, ta dawo. Har masu kabu-kabu na bakin ƙofa suka fara tambaya ko aiki ta samu a shagon. Sai da ta samu wanda ya sha wahalar tsohon injin ya fito ana karanta shi daga nesa, sannan ta bari.

Farfesa Badamasi, shugaban kwamitin, dattijo ne da ba ya son a tayar da abin da aka rufe. Dakta Abdullatif ya raka ta wurinsa. Ba ta yi dogon bayani ba, ta ajiye tsohon kwafin da sabon gefe da gefe, ta ce, "Ranka ya daɗe, lissafi ɗaya ne." Farfesa ya cire gilashi, ya nisanta takardar da idonsa, yatsansa ya sauka kai tsaye a kan kibiyar. Sannan ya ce an riga an raba gona, sai dai kunya biyu a can gefe, kusa da shinge, in tana so.

Tana so mana. Da kanta ta shuka bayan ruwa ya sauka sosai, ta juye kwalbar kaf, ba ta rage ko ƙwaya ba. Na ce ta bar kaɗan saboda tsaro. Ta ce wanda aka bari ba zai kai baɗi da rai ba.

Kullum da safe sai ta biya ta shingen nan kafin ta shigo. Waken kowa ya tsiro layi-layi, nata shiru. Na daina tsokanarta. Ran nan ta aiko a kira ni. Na same ta durƙushe a cikin laka. Kunya ɗaya ba ta ba da komai ba, irin ya riga ya mutu. A ɗayar kuwa, nan da can, ga 'yan kawuna sun fasa ƙasa, ba su da yawa, amma za su isa iri.

Ta ciro waya ta kira Birchi.

"Gwaggo, ya tsiro."

Na ji tsohuwar daga inda nake tsaye tana ta salati, sannan ta ce, "To ɗiyata, ki tsare mini shi daga awaki."