Takalmin Mama ya tsaya a Nyanya

Ana idar da sallar asuba muka bar Orozo, ni da Mama da Gwaggo, yayar babanmu. Su biyun duk masu ciwon sukari ne. Gwaggo ta fi shekara goma da shi, ƙafarta garau. Mama ko rabin haka ba ta yi ba, amma kullum ji take kamar auduga take takawa. Tunda ni ke dafa mata abinci, dangi suka ce ni ke kashe ta da shinkafa. Gwaggo ta biyo mu asibitin Gwagwalada ne don ta ji daga bakin likita, sannan ta ɗauke Mama ta mayar gidanta.

Cunkoson Nyanya ya ci mana awa guda. Da muka sauka canja mota, Gwaggo ta sayi fanke uku ta cinye, tana ce wa Mama, "Ke dai ki kalla kawai." Titin Lugbe mai zuwa filin jirgi sumul, direba ya yi ta gudu kamar shi ma jirgi zai kama. A Giri muka wuce matan Gbagyi da kwandunan doya a kafaɗa. Na tambayi kuɗin ƙwaryar doya, na ji, na rufe taga.

Muna sauka a Gwagwalada, inda zafi ya ninka namu, na ga ƙafar hagun Mama ba takalmi. Tun Nyanya ya zame, ta taka kwalta da tsakuwa ba ta sani ba. Ita ta fara dariya, ni na tsuguna ina duba tafin ƙafar.

Likitar 'yar Filato ce, mai fara'a. Ta ɗauko wani zare mai kamar tsinken tsintsiya ta ce da irin Hausarta, "Mama, rufe ido, in ka ji ka ce e." Ta taɓa wurare da yawa, Mama ta ji wasu, wasu shiru. Gwaggo ta miƙa tata ƙafar ba a tambaye ta ba, ta ji duka har tana tsalle don cakulkuli.

Sai sakamakon jini ya fito. Sukarin Mama ya fi na Gwaggo kyau nesa ba kusa ba.

Ban iya haƙuri ba, na ce, "To me ya sa ƙafarta ta mutu?"

Ta ce ba ta mutu ba, an zo da wuri. Sukari kan bar wani abu kamar tsatsa a jijiyoyi, jiki kuma yana da masu goge shi. Bincike na nuna ƙarfin masu gogewar gado ne: wani nasa ƙarfafa, wani raunana. Kula da abinci dole ne, amma ba kowace lalurar ƙafa ce laifin tukunya ba. Ta ba da magani, ta hana silifas, ta ce in riƙa duba tafin ƙafar Mama kullum.

A kasuwa Gwaggo da kanta ta zaɓa wa Mama rufaffen takalmi, ta tsuguna ta ɗaura mata igiya.

Da la'asar muka iso gida. Abin da na koyo shi ne ciwo ɗaya ba ya cin mutum biyu iri ɗaya, kuma a daina yanke hukunci kafin a auna. Na ɗora tukunya ke nan Gwaggo ta leƙo kicin ta ce, "Ke uwar tsiwa, abin da kike dafa mata, ki riƙa sa nawa."