Tarin Sharar Inna a Shafin Farko

Gari bai gama wayewa ba, Inna mai shara ta riga ta kai ƙarshen ɗakin mata na asibitin gwamnati. Shekara goma sha tara tana wannan aiki, kuma hanyarta ɗaya ce: ta jawo duk abin da ke ƙarƙashin gadaje, auduga, ledoji, ɓawon lemo, ta tara a bakin ƙofa, sannan ta je ta ɗauko kwando. Tarin ba ya minti biyar a wurin. Ba ta da yawan magana. In likita yana jawabi kan tsabta, ita ƙasan gado take leƙawa.

A cikin minti biyar ɗin nan wani mai kyamara ya shigo. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Inna, ɗan matsa kaɗan." Ta matsa. Har ƙofa ta riƙe masa don haske ya shiga.

Bayan kwana biyu tarin ya fito a shafin farko na jarida, gadon wata mai jego a bayansa. Aka rubuta cewa haka marasa lafiya ke kwana a juji. Ba duka ne ƙarya ba: magani na yankewa, famfon bayan gida ya yi wata uku yana ɗiga. Amma ba famfon aka ɗauka ba. Sista, babbar nas ta ɗakin, ta yi ta faɗa, tana tambayar wa ya bar ɗan jarida ya shigo. Inna ta ci gaba da matse tsumma, ba ta ɗago kai ba.

Bencin masu awon ciki, da ke cika kafin ƙarfe bakwai, ya koma rabi. A mota Inna ta ji wani yana cewa ko akuyarsa ba zai kai can ba. Ta ja mayafi ta rufe rigar aikinta.

Sai abin ya biyo ta gida. Ƙanenta tela ne, matarsa na da ciki wata takwas, ƙafafunta sun kumbura, kanta na ciwo. Inna ta sha ganin irin wannan kumburin a ɗakin da take sharewa, ta kuma san inda yake kai mace in aka zauna da shi. Ta sami ƙanen nata a shago, ya manna shafin jaridar a bango kusa da keken ɗinki.

"Auta, ka kai yarinyar nan a auna jininta."

"Can? Yaya, dubi bangon nan. Gara ta haihu a kan teburin yankana."

"Hoto ne kawai."

"To, ni hoton na gani. Ke albashinsu kike ci, dole ki yabe su." Ya taka keke. "Wanda ya tara wannan ƙazantar, da ni ne babba, yau zai kama gabansa."

Ta dubi guntayen yadi a ƙasa.

"Ni ce."

Keken ya tsaya.

"Ni na tara. Kullum haka nake yi kafin in kwashe. Kwando zan ɗauko ya shigo, ni na riƙe masa ƙofa."

Auta ya dubi hoton, ya dube ta.

"Sati uku gari na zagin asibitin, kina ji, kika yi shiru?"

"Na yi shiru."

"Maganin da babu fa? Shi ma ke kika share?"

"Wannan ba ni ba ce. Amma abin awon jini yana aiki, a gabana ake ɗaura wa mata kullum. Ka zage ni yadda kake so, ita dai ka kawo ta."

Ya koma ɗinkinsa, ita kuma ta fita ba sallama.

Washegari tana wanke bokiti mai gadi ya ce ana nemanta. Suna bakin ƙofar asibiti, matar ta jingina da bango, Auta ya harɗe hannu yana kallon titi.

"Ni ba zan shiga ba," ya ce.

"Ba kai za a auna ba."

Ta goge hannu a rigarta, ta kama matar a kafaɗa, ta bi da ita a hankali har teburin nas. Tana nan tsaye, ba ta koma kan bokitinta ba, sai da ta ga an naɗe abin awon a damtsen matar, an fara hura shi.