Farar Tsakuwa a Cikin Manifol

Jiya bayan la'asar ina cikin kicin na ji wata ƙara daga tsakar gida, ƙas, ƙas, ƙas, tsakuwa tana dukan siminti. Na leƙa ta taga. Autata ce zaune, ta miƙe ƙafa tana carafke ita kaɗai, wanke-wanke yana can yana jiranta. Na buɗe baki zan yi faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Ƙarar nan ta ɗauke ni cak ta mayar da ni Limawa, ƙofar gidan kakana, shekarar da nake 'yar tara, ranar da na kusa kashe mota da tsakuwa guda ɗaya.

Kakana direba ne tun yana saurayi. Yana da wata tsohuwar akori-kura mai ruwan toka, wadda ya yi shekaru yana jigilar gero da gyaɗa da dabino da ita tsakanin Dutse da Buji da Aujara. Ni ban taɓa ganin tana tafiya ba, ko in ce ban yi wayon da zan tuna ba. Na tashi na tarar da ita a gindin darbejiyar ƙofar gida, an ɗora ta a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Abin da ya faru shi ne, wata shekara injin ya fara shan iska ta inda bai kamata ba, Kaka ya kwance manifol don ya sake masa gasket. Kafin ya mayar, ciwon ido ya kama shi, kuma idon bai dawo ba. Shekara shida ke nan.

In ba ka san manifol ba, mai karatu, ba laifinka ba ne, ni ma a lokacin ƙarfe mai baki huɗu nake ce masa. Bututu ne mai nauyi, wuya ɗaya a sama, baki huɗu a gefe. Ta wuyan kafireto yake zuba mai da iska, bakunan su raba wa injin. Gasket kuwa ita ce takarda mai kauri da ake sawa tsakaninsa da injin don kada iska ta saci hanya. Kaka ya naɗe nasa a buhu ya ajiye a lungun soro, ya ce duk wanda ya taɓa zai gamu da shi.

To, ni ce na taɓa. Na kamu da son carafke har Inna, mahaifiyata, ta gaji, duk tsakuwar da ta gani a hannuna sai ta watsa ta bayan katanga. Ina da guda bakwai da na tsinto da kaina a gindin duwatsun bayan unguwa. Shida baƙaƙe ne, ɗaya fara sol, mai santsi, ita nake cillawa sama. Da na rasa inda zan ɓoye su, sai na tuna wurin da ba mai kusantarsa. Kullum in na gama wasa sai in lallaɓa soro in zuba su cikin wuyan ƙarfen nan in rufe buhu. Ina jin kaina wata mai wayo.

Kaka yana da wa a Aujara, wanda muke ce wa Kaka Babba. Tun da idon Kaka ya rufe bai je gaishe shi ba. An yi magiyar, an yi faɗan, ya ƙi. Ya ce mutumin da ya saba shiga Aujara da hon, yara suna binsa a guje, ba za a cusa shi a motar haya a sauke shi a tasha ana jan hannunsa ba. In zai je, a motarsa zai je. Taurin kai ne, kowa ya sani, amma wa zai faɗa masa? A farkon daminar nan sai saƙo ya zo cewa Kaka Babba yana kwance, jiki ya yi nauyi, kuma ya ce a gaya wa ƙaninsa ya zo kafin marka ta ɓata hanya.

Ana cikin wannan Baffa, ƙanin babana, ya dawo daga Kano, an yaye shi daga koyon kanikanci. Ya zagaya motar sau biyu ya ce a ba shi kwana uku. Gida ya ɗauki murna. Rana ta farko aka kori kaji, aka ba tayoyi iska, aka sauke ta daga kan duwatsu. Rana ta biyu aka juye tsohon baƙin mai, aka wanke filogi, aka aro batir a maƙwabta. Ni ma ina ta tsalle da kowa, har na ji Baffa yana cewa gobe da safe za a ɗora manifol. Gabana ya faɗi.

Kafin magariba na faki ido na shiga soro. Na kifa ƙarfen da ƙyar na girgiza, tsakuwa shida suka zubo. Farar ta ƙi. Na zura yatsa, na zura kara, ashe ƙara tura ta nake yi cikin lanƙwasar bututun, har ta cije ta daina ko motsi. Na ji takun Inna, na ja buhu na rufe na fita. Na ce wa raina ai 'yar tsakuwa ce, me za ta yi wa ƙaton inji?

An yi yayyafi da asuba, safiyar ta zo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa haɗe da warin fetur. Har yau in waɗannan biyu suka haɗu a hancina sai zuciyata ta buga. Aka shimfiɗa wa Kaka buzu a gefen mota, amma bai zauna ba. Ya dafa madigadi ya sunkuya cikin injin, ya zare tsummokaran da ya toshe ramukan da su shekara shida, yana lissafa su da baki, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Baffa ya ɗauraye manifol da fetur, ya hura shi, iska ta fita ta kowane baki. Ina tsaye ina addu'a tsakuwar ta faɗo. Ba ta faɗo ba.

Baffa ya zo da takardar gasket daga Kano, falle ɗaya, daidai aikin. Ya ɗora ta a fuskar ƙarfen yana bubbugawa da ƙaramar guduma, gefen ramukan yana yanke ta da kansa. Ya shafe ta da gam, ya manna, suka ɗaga manifol su biyu suka zaunar da shi. Nan Kaka ya karɓi ragama. Bai yarda a ɗaure noti ɗaya tamau a wuce ba. Daga tsakiya ake farawa, a ɗan murɗa, a tsallaka wancan gefe, a ɗan murɗa, a dawo, har a kai baki, sannan a sake zagayowa. In Baffa ya yi gaggawa sai ya buge masa hannu.

"A Kanon haka aka koya maka? Ɗaurin akuya kake yi ko ɗaurin inji?"

Mutane suka yi ta dariya, don a lokacin ƙofar gida ta cika. Tsofaffin da suka taɓa hawa motar sun zo da tabarminsu, yara sun hau katanga, mata suna leƙe ta soro. Aka ɗora kafireto, aka haɗa wayar totur da tiyon mai. Ni kuwa duk notin da aka ɗaure kamar a ƙirjina ake ɗaure shi. Na matsa kusa da Kaka na ja masa riga. Amaryata yake ce mini, irin wasan kaka da jika.

"Kaka, in abu ya faɗa cikin ƙarfen nan, ina yake zuwa?"

"Cikin injin mana, amaryata. Ko ƙwayar masara ce sai ta yi ɓarna. In ƙarfe ne ko dutse kuwa, fistin zai tauna shi ya farfashe, shi ke nan sai a sayar da ita ga masu gwangwan."

Ya faɗa yana dariya, hankalinsa na kan aiki. Ni kuwa na saki rigarsa. Na san dukan da Inna za ta yi mini. Na san kunyar da zan sha a gaban duk unguwa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Kaka Babba kwance a Aujara yana sauraron hon. Baffa ya ɗiga fetur a bakin kafireto, ya goge hannu, ya shiga ya zauna. Kaka ya ce bismillah. Na ga hannun Baffa ya kama makulli.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba. "Kar ka murɗa! Tsakuwata tana ciki!"

Na fashe da kuka ina ba da labari a guntule, soro, buhu, guda bakwai, shida sun fito. Baffa ya diro daga mota idonsa jawur, ya ce aikin safiya guda, kuma gasket ɗin in aka ɓamɓare ta ba za ta moru ba, ba shi da wata. Inna ta aiko daga soro a kawo mata ni. Kaka ya riƙe hannuna bai saki ba. Can ya juya wajen Baffa.

"Kwance. Yadda ka ɗaura, haka za ka kwance."

Aka kwance. Gasket ta yage gida uku, kamar yadda Baffa ya faɗa. Kaka ya ɗora manifol a cinyarsa, ya sa aka lanƙwasa masa waya, ya zura ta baki na uku yana lalube, kansa a karkace kamar mai sauraron rediyo. Sai ga ta, ƙwal, ta faɗo ƙasa ta gangara. Wani tsoho ya yi salati. Kaka ya sa aka miƙo masa ita, ya jujjuya ta a yatsunsa, ya jefa a aljihu.

Saura gasket. Aka shiga kawo masa takardu yana shafawa yana ture su. Kwalin sabulu ya yi taushi, bangon littafin makaranta ya yi siriri, kwalin katan kuwa cikinsa duk rami ne. Rana ta take, murna ta fara sanyi, wasu tsofaffin suka naɗe tabarminsu. Ni ina da wani kwali da takalmin sallata ya zo a ciki, mai ƙyalli, da hoton takalmin a jiki. A ciki nake ajiye 'yartsanata da kayan ɗakinta, ko ƙanwata ba na bari ta taɓa. Na shiga ɗaki na juye kayan a gado na kawo murfin. Kaka ya lanƙwasa shi, ya karce shi da farce, har ya sansana.

"Wannan zai yi. Amarya ta kawo gara."

Shi da kansa ya yanka ta. Makaho, da guduma, yana bin bakin ramukan da yatsa yana bubbugawa, ko sau ɗaya bai daki hannunsa ba. Ina kallo hoton takalmina ya zama rami huɗu. Raina ya yi ciwo, ba zan ɓoye ba, amma ban yi kuka ba. Aka sake ɗorawa, daga tsakiya zuwa baki, a hankali. Wannan karon Baffa bai yi gaggawa ba, kuma kafin a rufe sai da Kaka ya ce in zo in zura hannu in tabbatar ban bar wata dukiyar a ciki ba.

Bayan an sauko daga sallar la'asar Baffa ya murɗa makulli. Ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta yi atishawa, wuta ta yi tartsatsi a bakin kafireto, yara suka watse. A karo na uku ta kama! Wayyo, wannan ƙara! Baƙin hayaƙi ya turnuƙe darbejiya, awaki suka tsinke igiya, mata suka rangaɗa guɗa daga soro, waɗanda suka tafi suka dawo a guje. Ni ina ta tsalle ina ihu, hawaye da majina duk a fuska. Kaka ya karɓi sukudireba, ya kara kunne, ya ɗan juya wani ƙaramin sukuru a jikin kafireto, ƙarar ta kwanta ta zama lumus. Ya kifa tafinsa a kan madigadi ya bar shi nan. Na ga hawaye yana bin gemunsa.

Washegari muka kama hanyar Aujara, Baffa a sitiyari, Kaka a gefe, ni a tsakiya, don ya ce ba ya tafiya ba amarya. Gero ya fara rufe ƙasa, ko'ina kore shar. Yana jin mun hau wata gada sai ya faɗi sunan ƙauyen da ke gaba, bai kuskure ko ɗaya ba. Da muka shiga gari ya miƙa hannu ta gabana ya danna hon da kansa, ya yi ta dannawa har ƙofar gida.

Mun tarar da Kaka Babba a kwance, ya rame ƙwarai, amma da jin hon ya sa an tayar da shi zaune. Suka riƙe hannun juna suka daɗe. Ya tambayi ƙaninsa wa ya tayar da motar, yana nufin ya sa wa Baffa albarka. Kaka ya ce Baffa ya yi aiki, Allah ya yi masa albarka. Sannan ya laluba ya kamo ni, ya ciro farar tsakuwar daga aljihu ya sa mini a tafi ya dunƙule.

"Amma ga wadda ta kawo ni, Yaya. Da ta yi shiru, da ba ka gan ni ba."

Kaka Babba bai kai girbin gero ba. Kaka ya bi shi bayan shekara uku, Allah ya jiƙansu. Motar ta yi wa Baffa aiki har ta gaji, darbejiyar ma an sare ta an yi shaguna. Yanzu ina da tawa motar, in aka buɗe gabanta ba abin da ake gani sai baƙar roba, in ta yi ciwo na'ura ake jona mata ta faɗi abin da ke damunta. Da sauƙi, ban musa ba. Amma ban ƙara ganin wanda ya san injinsa da yatsa da kunne ba, kuma ina kewar wannan.

Jiya dai ban yi wa autata faɗa ba. Na shiga ɗaki na buɗe akwati, na ɗauko farar tsakuwar na kai mata, na ce ta gwada cillawa da wannan. Ta ce ta fi nata santsi, ina na samo? Na ce ta gama wanke-wanke in ba ta labari. Abu ɗaya na roƙe ta: duk inda take ɓoye su, in ɗaya ta maƙale, ta zo ta faɗa mini, ba zan dake ta ba.