Shafi na Huɗu na Kofur Ishaya

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana, Kofur Ishaya. Amma ni ba daga ranar da aka kawo mana labari nake ƙirgawa ba. Ina farawa ne daga ƙarfe huɗu daidai na yammacin wata Alhamis, wata bakwai kafin nan, lokacin da manhajar makarantarsa ta rufe karɓar aiki ina zaune ina kallo.

A gidanmu a Zuru, soja ba baƙon abu ba ne. Babanmu ya yi ritaya yana saje, kuma da yake ba shi da takardar komai, sai ya ƙare a gadin ƙofar wani gida. Ishaya ya rantse ba zai ƙare haka ba. Da aka buɗe wa sojoji karatun difloma ta intanet, yana cikin na farko da suka shiga. Kafin a kai ga darussan sana'a, sai an ci na gama-gari: Turanci, lissafi, tarihin ƙasa, da wani darasi a kan zaman lafiya da sulhu. Wannan na ƙarshen shi kaɗai ya rage masa.

“Malama,” haka yake tsokanata don ba na rabuwa da littafi, “ni da nake kwana rungume da bindiga, an ce in cika shafi biyar a kan sulhu. Kin ga ikon Allah?”

Inda aka tura shi ba wuta, waya ma sai an hau tudu. Saboda haka muka yi tsari. Zai rubuta da biro a littafi, ya ɗauki hoton kowane shafi ya turo, ni kuma in buga a kwamfutar wani shago kusa da tasha, in tura da sunansa. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada in ƙara, kada in rage. Na riƙe wannan kamar doka. Ko kuskurensa na Turanci ban taɓa gyarawa ba.

Ran Alhamis ɗin nan shafuka suka fara shigowa da ƙarfe biyu da rabi. Na ɗaya, na biyu, na uku, sai na biyar. Na huɗu bai zo ba. Na buga waɗanda ke hannuna, na duba su sau biyu, na zauna jira. Na kira shi ya fi sau goma, ba ta shiga. Mai shago ya leƙo ya ce, “Rifkatu, tura abin da kika samu mana.” Na ce a'a, bai cika ba. A ganina tura aikin yayana da rami a tsakiya cin mutuncinsa ne. Na jira har allon ya nuna an rufe.

Da muka samu magana bayan kwana biyu, bai yi faɗa ba. Ya ce an tashe su ne kafin hoton ya gama tafiya. “Ba komai, Malama, baɗi ma shekara ce.” Bai ga baɗin ba. An yi musu kwanton ɓauna a hanya, aka kawo mana kayansa a jaka. Littafin yana ciki, shafi na huɗu yana nan da rubutunsa mai kwanciya gefe.

Yau ina jami'a, kuma nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda abin ya koma. Tallar karatun sojoji ta cika wayoyi, da hoton soja cikin kaki mai guga, yana murmushi a gaban kwamfuta, a ɗaki mai fanka. Ban san wane bariki ne wannan ba. Samarin yankinmu, na Ribah da Dirin Daji, da ke bakin daga har yanzu tudu suke hawa, kuma ƙarfe huɗu har yanzu ƙarfe huɗu ne, ko kana ofis ko kana cikin rami. Ina ganin dariya zai yi. Ni ba na iyawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da makarantar ta rubuta a gaban sunansa: ɗalibi ya bar karatu ba sanarwa. Mutumin da bai taɓa barin wurin da aka ajiye shi ba. Babanmu bai iya karatu sosai ba, amma da na fassara masa, sai ya tashi ya fita gona, bai dawo ba sai da rana ta faɗi.

Ni mai jin nauyin magana ce, don haka wasiƙa na yi ta rubuta wa makarantar. Ban roƙi difloma ba. Na roƙi a karanta shafukan biyar, a ba shi makin da ya cancanta, a goge waccan magana. Wasiƙa goma sha ɗaya, kowace na ajiye kwafinta. Ba amsa. Abin da ya rage mini na Ishaya shi ne littafin nan da taurin kan da ya koya mini, kuma su biyun na ɗauka bana na je makarantar da ƙafata.

Aka yi ta mayar da ni daga wannan ofis zuwa wancan, har na kai ga wata dattijuwa mai kula da darussan gama-gari. Ta saurare ni har ƙarshe, abin da ba wanda ya taɓa yi. Ta buɗe littafin, ta shafa shafin da hannunta. Na tambaye ta ko akwai malamin da zai duba aikin yanzu da ya cika.

“'Yata,” ta ce, “da kin turo huɗun nan a ranar, da ya ci. Ɗalibai sun yi mana yawa. Na'ura ce ke karɓa, abin da take dubawa kawai ko an turo kafin lokaci. Ba wanda yake karanta su.”