Rediyon Da Kowa Ya Riƙe

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, kowa a Ƙanƙara so yake ya ga kansa a hoto. Ni lokacin na gudu daga makaranta a aji huɗu, ina kamasho a tasha, bakina ba ya hutawa. Ranar kasuwa wani mai hoto yakan zo daga Funtuwa ya rataya labule mai zanen bene a gindin dalbejiya. Yana da rediyo da ba batir, da agogon da ya daɗe da tsayawa, da baƙin gilashi. Duk wanda za a ɗauka sai ya rungumi rediyon, ya turo hannu gaba don agogo ya fito. Sai mako ya zagayo a zo a karɓa.

To, wasu ba sa dawowa. Waɗannan hotunan nake roƙa. Na sami wani ƙaton littafin rubutu na riƙa liƙa su da ƙaro, ɗaya a kowane shafi, a ƙarƙashi in rubuta tsiyata. Da rana in baje shi a teburin mai shayi, in yi ta karantawa ana dariya. Amma in na kaɗaita, kallonsu nake yi da gaske. Har na fara gane wanda haske ya zauna masa da wanda rana ta cinye.

Wanda na fi so na wani matashi ne. Kowa in ya zo gaban mai hoto sandarewa yake kamar soja, shi kuwa dariya ta kuɓuce masa, inuwar ganye ta sauka a kumatunsa. Na sa shi a tsakiyar littafi na rubuta: “Rediyo aro, agogo aro, gilashi aro. Haƙoran kawai ne nasa.”

Bayan kaka, wata ranar kasuwa, mai hoto ya nuno ni da hannu, sai ga wani dattijo ya nufo ni da sanda.

Na ce, “Baba, Faskari ko Sabuwa? Saura mutum ɗaya, tun jiya.”

Bai yi dariya ba. Ya ce daga Mabai yake. Ɗansa ya tafi aikin titi da bazara, motar da ta ɗauke su ta faɗi, can aka binne shi. An ce masa yaron ya ɗauki hoto ranar da zai tafi.

Muka zauna a bencin mai shayi. Tun kafin ya gama kwatance na gane, don haka kai tsaye na buɗe tsakiya. Ya daɗe yana kallo. Ya shafi fuskar da babban yatsa.

“Ashe ya sayi rediyo,” in ji shi. “Har da agogo. Ni kuwa nan na ce mishi ba abin da zai tsinana in ya bar gona.”

Mai shayi ya duƙar da kai yana ta goge kofin da ya riga ya goge.

Dattijon ya lashi yatsa zai juya shafi. Na gaba wani mahauci ne rungume da wannan rediyon, na bayansa ma haka. Na danne littafin da tafin hannu.

“Baba, sauran na ’yan mata ne, kada su karya maka alwala.”

Ya janye hannu. Sai ya nuna rubutun. “To mi ka rubuta nan, ɗana?”

Na dubi tsiyar da na rubuta. Na ce, “Na rubuta, ɗan Mabai, ranar da ya tafi neman na kansa.”

“Madalla. Allah shi yi maka albarka.”

Na karɓi reza wurin mai shayi zan yanke hoton kaɗai, ya riƙe min hannu. Ya ce in bar rubutun, uwar yaron za ta so a maimaita mata. Na ce tawada tana ɓata hoto. Na ce rubutuna kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Ya ce shi dai rubutun ya yi mishi. Haka na yanke shafin gaba ɗaya, ya naɗe shi a tsumma ya sa a aljihun gaba.

Da zai tashi ya ce an buɗe makarantar boko a garinsu bana, ya sa jikansa, ɗan marigayin. In ya iya karatu shi zai riƙa karanta musu.

Na sa dattijon a mota, na ba shi gidan gaba. Daga baya sau biyu na hau keke na nufi Mabai da reza a aljihu, ina hango rumbunan garin sai in juyo, don ban san da wane baki zan nemi takardar ba. Na ci gaba da karɓar hotuna wurin mai hoto har ya daina zuwa, littafin ya cika. Cikin waɗanda na liƙa tun daga ranar da na yanke wannan shafin, ba rubutu a ƙarƙashin kowa.